Hans Krebs: Likitan da Jamus ta kora, ya gano yadda tuwo ke zama ƙarfi

In kana da yaro a ɓangaren kimiyya a lise, a Sokode ko Dapaong, ƙila ka taɓa jin yana fama da haddar cycle de Krebs. To, Krebs ɗin nan mutum ne, kuma ya sha wuya.

An haifi Hans Krebs a garin Hildesheim na Jamus a 1900, lokacin Jamusawa ke mulkin Togo. Ya karanta aikin likita kamar mahaifinsa, sannan ya yi shekara huɗu a Balin yana koyon bincike a hannun Otto Warburg. A 1932 ya gano yadda hanta ke haɗa sinadarin da jiki ke zubarwa cikin fitsari. Sunansa ya fara fitowa ke nan, sai Hitila ya hau mulki. A 1933 aka sallame shi daga aiki a Freiburg. Laifinsa? Bayahude ne. Ya kwashi kayan awonsa ya yi hijira zuwa Ingila, ya fara zama a Kambirij, daga baya Sheffield.

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce: in an ci abinci, ta yaya yake zama ƙarfi? Tuwon masara ko sakwara, da zarar sun narke sun koma sukari, wato gulukos, jini ya raba wa ƙwayoyin jiki. An riga an san cewa ƙwaya na fara tsaga sukarin gida biyu, amma ɗan ƙarfi kaɗan ake samu a nan. Inda sauran ke fitowa ne ya gagari masana.

Krebs da ɗalibinsa William Johnson suka riƙa niƙa naman ƙirjin tattabara, saboda tsoka ce mai cin iska sosai, suna awon iskar da take sha. A 1937 suka gane cewa abin zagaye yake yi. Gutsuren sukari ya shiga, ya zama sinadarin tsamin nan na lemo, a yi ta ɓanɓararsa mataki-mataki har a dawo inda aka fara, a ɗauki wani gutsuren. Kamar injin niƙa a zango, ana zuba masa yana juyi. Dusar ita ce iskar da muke fitarwa. Abin da aka tatsa kuma ya haɗu da iskar da muka shaƙa, ya zama ruwa, a nan ne mafi yawan ƙarfin ke fitowa: kusan ATP 30 daga gulukos guda, alhali ba iska 2 kacal ake samu. Shi ya sa mai dako ke haki.

Abin dariya, mujallar Nature ta mayar masa da takardar, wai babu fili. Wata mujalla a Holan ce ta buga.

A 1953 ya raba kyautar Nobel da Fritz Lipmann, shi ma wanda ya baro Jamus. Ya koma Oksfod a 1954, kuma a can ya mutu a 1981.