Karniliyus Jarumi da Mutanen Gidansa

Labarin Karniliyus yana cikin Ayyukan Manzanni sura 10, Bitrus kuma ya maimaita shi a sura 11. Shi sojan Roma ne, jarumi, wato shugaban soja wajen ɗari, cikin ƙungiyar da a ke kira ta Italiya. Mazauninsa Kaisariya, birnin bakin teku wanda Hirudus Babba ya gina, inda gwamnonin Roma suka zauna tun shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu. A kangon birnin nan ne aka tono dutse mai ɗauke da sunan Bilatus a 1961.

Ya kamata mu tuna irin idon da a ke duban soja da shi a ƙasar da aka ci da yaƙi. Mu mutanen ƙasar Keffi abin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a cikin garin Keffi, ya nufi Kano, Turawa kuwa suka ci Kano a 1903. Wanda ya ji labarin kwanakin nan daga bakin tsofaffi ya san ƙiyayyar da ke tsakanin hafsa baƙo da masu ƙasa. Haka Bayahude ya ke duban Karniliyus: baƙo ne, marar kaciya, a hannunsa kuma akwai takobin masu mulki.

Duk da haka Luka bai ba mu labarin yaƙinsa ko ɗaya ba. Gidansa ya nuna mana. Mutumin yana tsoron Allah, shi da iyalinsa duka, yana yawan ba Yahudawa sadaka, ba ya kuwa fasa addu'a. A ganinmu nan ne girmansa ya ke. Soja da yawa sun iya ba da umurni a bariki, amma a gida ba wanda ke bin sawunsu da son rai. Karniliyus kuwa, ibadarsa ta kai ga barorinsa, har ga sojan da ke yi masa hidima, gama Luka ya shaida wannan ma mai ibada ne.

Wata rana wajen ƙarfe uku na yamma, yana cikin addu'a, sai mala'ika ya bayyana gare shi, ya sanar da shi Allah ya tuna da addu'arsa da sadakarsa, ya umurce shi ya aika Yafa a kirawo Bitrus, wanda ya sauka gidan Siman majemi a bakin teku. Ya yi biyayya irin ta soja. Ya kira barorinsa biyu da sojan nan, ya faɗa masu kome, bai ɓoye ba, ya aike su tafiyar wajen mil 30. Wannan ma abin lura ne, gama ba kowane maigida ke buɗe wa baransa al'amarin zuciyarsa ba.

Kashegari da tsakar rana Bitrus yana addu'a a kan soro, Allah ya koya masa cikin wahayi, har sau uku, kada ya haramta abin da Allah ya tsarkake. Ya bi mutanen, tare da 'yan'uwa shida.

Da suka iso Kaisariya, ba Karniliyus kaɗai suka tarar ba. Ya rigaya ya tara danginsa da aminansa suna jira. Ya fito taryen baƙonsa, hafsan Roma ya faɗi a gaban ƙafafun masuncin Galili. Bitrus ya tashe shi, gama shi ma mutum ne. Ga Bayahude haram ne shiga gidan ba'al'umme, amma Bitrus ya ƙetare ƙofar. Yana cikin wa'azin mutuwar Yesu da tashinsa da gafarar zunubai, sai Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa dukan masu ji. Masu bi da suka rako Bitrus suka yi mamaki. Aka yi wa taron baftisma, suka kuma roƙe shi ya kwana biyu a wurinsu.

Abin bai wuce ba gardama. A Urushalima masu kaciya suka zargi Bitrus don ya shiga wurin marasa kaciya ya ci abinci da su, sai da ya bayyana masu kome daki daki kana suka yi shiru suka ɗaukaka Allah. Bayan shekaru, a majalisar da ke cikin sura 15, da abin da ya faru a gidan sojan nan Bitrus ya kafa hujja cewa kada a ɗora wa al'ummai karkiyar Shari'a. Mu da ba Yahudawa ba, hukuncin nan ya shafe mu.

Wata tsohuwar al'adar ikkilisiya tana lissafta Karniliyus cikin bishop na fari na Kaisariya. Sa'ad da Bulus ya biyo ta birnin a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima, ya sami almajirai a can, ya sauka gidan Filibus mai bishara, mai 'ya'ya mata huɗu masu annabci.