Rufaida Al-Aslamiyya (RA): Mai Jinyar Sahabbai a Madina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa matasa, a wannan fitowar mun kawo muku tarihin wata sahabiya da ba a cika ambaton ta a makarantunmu ba, wato Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya yarda da ita.

Rufaida 'yar ƙabilar Banu Aslam ce, ta zauna a Madina a zamanin Manzon Allah (SAW). Malam Ibnu Ishaƙ, mai littafin Sira, ya kawo cewa tana da tanti a cikin masallacin Annabi. A nan take yi wa masu rauni magani, tana kuma ɗawainiya da Musulmin da ba su da mai kula da su, don neman lada wurin Allah.

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, aka yi yaƙin Gwalalo. A nan kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu (RA), shugaban ƙabilar Ausu, ta yanke masa jijiyar hannu. Sai Annabi (SAW) ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida, don ya riƙa duba shi daga kusa. Imamu Buhari ya ruwaito a cikin Al-Adabul Mufrad cewa safe da yamma Annabi kan biya ya tambaye shi jiki. Daga wurin jinyar nan aka ɗauko Sa'adu a kan jaki ya yanke hukuncin Banu Ƙuraiza. Bayan haka raunin ya fashe, ya yi shahada.

Mu duba da kyau. Babban sahabi irin wannan, hannun mace aka danƙa shi, a cikin masallaci, da umarnin Annabi. Da ba a san ta da gwaninta ba, da ba a kai shi wurinta ba. Wannan kuwa ya faru fiye da shekara 1,200 kafin Florence Nightingale ta je jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854.

A garin nan na Madina aka kafa Jami'ar Ɗaiba a 2003, inda maza da mata suke karatun likitanci da jinya da harhaɗa magunguna. Mu fa a zangunanmu? Yarinya ta ci jarrabawa, tana son karanta jinya ko ungozoma, sai a ce ba aikin 'yar Musulmi ba ne. Ranar da haihuwa ta zo wa iyayenmu mata da gardama kuma, mu koma muna kukan babu likita mace.

Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farali na kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ma'ana, in gari ya rasa mai yin sa, laifin ya hau kan kowa. Saboda haka muna kira ga ƙannenmu su riƙe darussan kimiyya kamar yadda suka riƙe allo, su nemi gurbi a Korle Bu ko Kumasi ko Tamale. Iyaye kuma, don Allah a bar su su tafi, a bi su da addu'a.

Allah Ya ƙara wa Rufaida yarda, Ya ba mu masu gadon ta. Amin.