Tarihin Magabata: Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan da Ya Zana Kayan Aikinsa da Hannunsa

'Yan'uwa masu girma, a filinmu na tarihin magabata na wannan Juma'a za mu leƙa ƙasar Andalus, wadda a yau take cikin Sifen, mu ga rayuwar wani bawan Allah da ya yi kusan shekara hamsin yana duba marasa lafiya, yana gwaji, yana rubuta abin da ya gani. Shi ne Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, wanda Turawa suka juya sunansa suna kiransa Albukasis.

Andalus ba baƙuwa ba ce a wajenmu ko da ba mu taɓa taka ta ba. Mutanenta Malikawa ne kamarmu, kuma Muwaɗɗar da malamanmu ke karantarwa a zaure riwayar Yahaya ɗan Yahaya Al-Laisi ce, mutumin Ƙurɗuba. To kusa da wannan birnin aka haifi Az-Zahrawi wajen shekarar 936 Miladiyya. Ana jingina shi ga Madinatuz Zahra, sabon birnin sarauta da Halifa Abdurrahman An-Nasir ya gina kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Ana kuma ce masa Al-Ansari, wato zuriyarsa na komawa ga Ansar na Madina. Ya yi aikin likitanci a zamanin Halifa Al-Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarkin da ya shahara da tara littattafai da girmama masu ilimi.

A lokacin da ya taso, likitoci sun fi karkata ga magungunan sha da na shafawa. Aikin hannu kuwa, wato tsaga da ɗinki da ɗori, an bar shi ga duk wanda ke da ƙarfin halin riƙe aska. Shi da kansa ya koka a littafinsa cewa wannan fanni ya kusa ɓacewa a ƙasarsu, littattafan mutanen da kuma masu kwafa sun cika su da kurakurai har ba a gane manufa. Bai tsaya ga kuka ba, sai ya kawo abubuwan da ya gani da idonsa. Akwai wani jahilin likita da ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiyar jini, jini ya yi ta zuba har ta mutu a hannunsa. Akwai wani kuma da yake cin albashi a gidan wani shugaban sojoji, aka kawo masa yaro da karaya kusa da diddige tare da rauni, sai ya ɗaure ƙafar tam da karare a kan raunin, bai bar wurin da zai sha iska ba, ya ƙyale shi kwanaki. Ƙafa ta kumbura. Da aka kira Az-Zahrawi ya kwance ɗaurin, yaron ya sami sauƙin raɗaɗi, amma ruɓa ta riga ta shiga, ta ci gaba da ci har yaron ya rasu. Daga irin waɗannan labarai ya fitar da ƙa'idarsa: duk wanda bai san yadda aka shirya jikin ɗan Adam ba, inda jijiya take da inda ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa, to kada ya ɗora wuƙa a jikin mutum.

Wajen shekarar 1000 ya kammala babban littafinsa, At-Tasrif. Cikakken sunan littafin na nuna cewa an yi shi ne domin wanda ba shi da halin tattara ilimi daga littattafai masu yawa. Maƙala 30 ce. Biyun farko sun yi bayanin tushen ilimin likitanci da cututtuka daga kai har ƙafa, mafi yawan na tsakiya kan magunguna da abinci, ta ƙarshe kuma kan aikin tiyata. Ya ɗebo da yawa daga likitocin Girka, musamman Jalinus da Bulus na Ijina, da kuma malaman Musulmi da suka gabace shi. Sai dai duk abin da ya ɗauko yakan gwada shi da abin da hannunsa ya taɓa, inda ya ga saɓani ya faɗa. Misali mutanen da sun ce ƙarfen zinariya ya fi kyau wajen lalas. Shi kuwa ya zaɓi baƙin ƙarfe, saboda idan ka sa zinariya a wuta ba ka gane iyakar zafinta daga launinta, tana saurin hucewa, in ka ƙara mata wuta kuma ta narke.

Maƙala ta 30 ita ce ta ɗaukaka sunansa a duniya. Ya raba ta kashi uku: na farko lalas, na biyu tsaga da huda da ɗinkin raunuka da ƙaho da cire kibiya, na uku ɗorin karaya da mayar da gaɓar da ta goce. A cikinta akwai zanen kayan aiki kusan 200: wuƙaƙe iri-iri, almakashi, hantsaki, ƙugiyoyi, zarto na ƙashi, tsinken auna zurfin rauni, da abin ɗura magani cikin mafitsara mai aiki irin na sirinji. Ku lura fa, zanen nan ba ado ba ne. Ya yi shi ne domin ɗalibin da ke wani gari mai nisa ya ɗauki takarda ya kai wa maƙeri a ƙera masa daidai. Shi ya sa yakan faɗi irin ƙarfen da za a yi amfani da shi, da kaurinsa, da inda za a wasa da inda za a bari dakushe. A nan likita ya zama injiniya. In ya haɗu da matsalar da kayan da ke hannunsa ba su iya mata, sai ya zauna ya tsara sabo. Ga mai tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari ya yi wani siririn tsinken ƙarfe mai kaifi da ake murzawa a hankali har ya huda tsakuwar, a matse ta ta farfashe ta fita, ba sai an tsaga mutum ba. Ga majiyyaci mai tsoron wuƙa kuwa ya yi wata 'yar aska da ke ɓoye tsakanin murafe biyu, likita ya buɗe maruru kafin mai shi ya ankara.

A wajen ɗinki ya yi bayanin amfani da zaren da ake yi da hanjin dabba domin ɗinke hanjin mutum, irin zaren da jiki ke shanyewa da kansa, kuma likitocin duniya sun daɗe suna aiki da irinsa har zuwa zamaninmu. Ya koyar da ɗaure jijiya da zare don tsayar da jini. A haƙori ya zana kayan kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙora, ya kuma nuna yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da waya, inda ya ce ta zinariya ta fi ta azurfa domin azurfa na sauya launi ta lalace. Har haƙorin da aka sassaƙa daga ƙashin saniya ya yi magana a kai.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne yadda yake rubuta labarin majiyyata ɗaya bayan ɗaya. Ya ba da labarin wani ƙauye inda mazan wasu gidaje ke mutuwa saboda ɗan ƙaramin rauni, jini ya ƙi tsayawa, yaro ya goge dasashi kawai jini ya ɓalle. Wannan na daga cikin bayanai na farko-farko da aka rubuta kan ciwon rashin daskarewar jini da ake gado. Ya ba da labarin wata mata da ɗa ya mutu a cikinta, bayan lokaci mai tsawo cibiyarta ta kumbura ta fashe, ya yi ta jinyarta har ya riƙa zaro ƙananan ƙasusuwa daga wurin, matar kuma ta rayu. Sai wata baiwa da ta soka wa kanta wuƙa a wuya ta yanki maƙogwaro. Ya same ta tana gurnani kamar dabbar da aka yanka, ya duba ya ga manyan jijiyoyin jini ba su taɓu ba, ya ɗinke, ta warke sai ɗan dishewar murya. Daga nan ya kafa hujja cewa buɗe maƙogwaro ba lallai ya kashe mutum ba. Akwai kuma wani hafsan sarki da kibiya ta nutse masa a hanci ta ɓace gaba ɗaya. Az-Zahrawi bai yi gaggawar tona fuskarsa ba, ya bi abin a hankali na tsawon watanni har kan kibiyar ya bayyana, ya kama da hantsaki ya zaro.

Kuma bai ɓoye inda lissafinsa bai yi daidai ba. Wani mutum da ruɓa ta kama masa hannu ya roƙe shi ya yanke hannun, shi kuwa ya ƙi, don yana ganin mutumin ya yi rauni ƙwarai, yana tsoron ya mutu a wurin yankan. Mutumin ya koma garinsu ya sare hannun da kansa, ya kuma warke. Wani likitan da sai ya binne wannan labari. Shi ya rubuta shi domin na baya su ƙaru.

Akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba, wato tsarin aiki. Maƙala ta 28 kan yadda ake harhaɗa magunguna ce: wankewa, ƙonawa, tacewa, busarwa da adanawa, har da ƙwamin da ake buga ƙwayoyin magani a ciki da sunan maganin a jikinsu don kada a rikita. Ta 29 ta jera sunayen magunguna a harsuna daban-daban, da wanda zai maye gurbin wani in an rasa shi, da tsawon lokacin da magani ke yi kafin ƙarfinsa ya tafi, da ma'aunai da awo. Wato tun sama da shekara dubu da suka wuce mutumin nan yana maganar abin da yau muke dubawa a jikin kwalin magani. Ya rubuta wa ungozomomi bayani kan haihuwa mai wuya da kayan da za su riƙe, ya kuma nuna buƙatar a sami mata masu sanin aikin likita, saboda kunyar mace a gaban namiji. Ɗalibansa kuwa 'ya'yansa yake kiransu, yana ja musu kunne su bambance aikin da ake sa ran lafiya a bayansa da wanda galibi halaka ke biye da shi, kada kwaɗayin abin hannun mutane ya sa su shiga abin da ba su iya ba.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo daidai da fitinar da ta wargaza halifancin Ƙurɗuba. Wajen 1010 aka wawashe Madinatuz Zahra, fadar da aka kashe dukiya mai yawa wajen gina ta ta koma kufai. Shi kuma ya rasu wajen 1013. Ibn Hazm ya ambace shi cikin manyan likitocin Andalus, daga baya Al-Humaidi ya sa shi a littafinsa na tarihin malaman ƙasar.

Fada ta rushe, littafi bai rushe ba. A ƙarni na 12 wani mai fassara, Jirar na Kirimona, ya mayar da maƙalar tiyata zuwa Latin a birnin Ɗulaiɗila. Babban likitan tiyata na Faransa, Gi da Sholiyak, ya ambaci Az-Zahrawi wajen sau 200 a littafinsa na 1363. A ƙasar Turkiyya Sharafuddin Sabunju'oglu na garin Amasya ya gina nasa littafin tiyata na 1465 a kansa. Da injin ɗab'i ya fito, an buga maƙalar harhaɗa magunguna a birnin Banis na Italiya a 1471, an buga ta tiyata da Larabci da Latin a Okasfod a 1778, sannan fassarar Turanci ta fito a 1973. Har yau akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba.

To jama'a, ina ruwanmu da wannan tarihi, mu da muke nan Kurmi muna neman abinci? Ruwanmu ne ƙwarai. A cikinmu akwai wanzamai da masu ɗori da ungozomomi da masu shagon magani, kuma idan ɗan arewa ya faɗi a kan babur ko ya ji ciwo wurin dako, sau da yawa wurinsu ake fara kai shi, saboda tsadar asibiti ko rashin jin yaren garin. Sana'o'i ne masu daraja, shi kansa Az-Zahrawi ya yi babi kan ƙaho da kaciya da yankan beli da ɗori. Amma a kowane babi sai ya faɗi lokacin da za a yi da lokacin da za a janye hannu. A kan beli ma ya yi gargaɗi cewa wanda ya yi baƙi ba a taɓa shi, kuma yanke fiye da kima na ɓata murya. Labarin yaron nan da aka matse wa ƙafa, wallahi da yawanmu mun san irinsa. Karayar da ke tare da buɗaɗɗen rauni, ko gaɓar da aka ɗaure ta kumbura, yatsu suka yi sanyi ko suka fara baƙi, wannan ba ta jiran gobe, asibiti za a nufa nan take. Yaron da jininsa ke daɗewa bai tsaya ba, ko aka san haka a danginsu, a gaya wa likita kafin a yi masa kaciya. Mai sana'ar da ya ce wannan ta fi ƙarfina, a kai gaba, mutuncinsa ƙaruwa yake yi.

Su kuma matasanmu da ke makaranta, da masu koyon walda da kanikanci da juya ƙarfe a garejin garin nan, ku duba ku gani: likitan nan bai yi suna ba sai da taimakon maƙeri. Kowa ya kyautata abin da ke hannunsa, ya rubuta abin da ya gwada, wanda ya yi da wanda bai yi ba, ya koyar da na bayansa. Iyaye kuma a daure a bar 'ya'ya mata su karanci aikin jinya da unguwarzoma da likitanci, domin buƙatar da ya hango tun wancan zamani har yau tana nan a unguwarmu.

Allah Ya jiƙan Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Ya sa amfanin da mutane suka samu daga iliminsa a mizaninsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya tsare mu a wuraren nemanmu, Ya mayar da mu ga iyalanmu lafiya. Amin. A yi Juma'a lafiya.

Daga Sakataren Masallaci