Pierre de Coubertin: Alƙalin Zari-Ruga Da Ya Farfaɗo Da Wasannin Olimfik

Ran 20 ga watan Maris 1892, mutane suka taru a filin Bagatelle da ke birnin Faris domin kallon wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta farko a ƙasar Faransa. Ƙungiyar Racing Club ta ci Stade Français 4 da 3. Wanda ya yi alƙalanci ran nan wani ɗan ƙaramin mutum ne mai ƙaton gashin baki, ɗan shekara 29, sunansa Pierre de Coubertin. Shi ne kuma ya zana garkuwar da ake ba zakaran Faransa, wadda ake kira Garkuwar Brennus.

Ga wanda bai san zari-ruga ba, wasa ne da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ana ɗaukarta a hannu a ruga da ita, abokin gāba kuwa yana da izni ya kā da mai gudun. Ƙarti talatin a fili, jiki na gugar jiki. In ba su yarda da maganar mutum ɗaya da ke tsakaninsu ba, wasa ya zama dambe ke nan. Abin da ya ja hankalin Coubertin ke nan: ƙarfi wanda ke biyayya ga doka.

An haife shi a Faris ran 1 ga Janairu 1863 cikin gidan sarauta, ya yi karatu a hannun fada-fada na Jesuit. Yana ɗan shekara bakwai Jamusawa suka ragargaza Faransa a yaƙin 1870, kunyar nan kuwa ta bi tsararsa. Da ya ziyarci makarantar garin Rugby a Ingila a 1883, inda malamin nan Thomas Arnold ya taɓa shugabanci, sai ya ga yara suna koyon jimiri da riƙon amana a filin wasa. Ya komo gida da niyyar shigar da wasanni cikin makarantun ƙasarsa, malamai da yawa suna ganin ɓata lokaci ne.

Bai tsaya nan ba. Ran 23 ga Yuni 1894, a taron da ya kira a jami'ar Sorbonne, aka kafa Kwamitin Olimfik na Duniya. Aka yi wasannin farko a Atina a 1896, daga shekarar nan kuma ya riƙe shugabancin kwamitin har 1925. Bai manta da wasansa ba, gama ya shigar da zari-ruga cikin wasannin 1900 a Faris. Faransa ta ci, a cikin 'yan wasanta kuwa akwai Constantin Henriquez, baƙar fata haifaffen Haiti.

Amma abin da ya faru a 1924 lalle ya sosa masa rai. A wasan ƙarshe a filin Colombes, Amurka ta ci Faransa 17 da 3. 'Yan kallo suka fusata, aka yi ta ihu da jifa, har aka doki wasu Amurkawa cikin taron, 'yan sanda suka raka 'yan wasa waje. A garinsu ne, wasan da ya ɗauka makarantar horo ne. Bayan ya sauka daga kujera aka cire zari-ruga daga Olimfik, bai komo ba sai a 2016 a Rio, shi ma na 'yan wasa bakwai-bakwai.

Kada mai karatu ya zaci mutumin ba shi da aibi. Ya yi tsayayya da shigar mata cikin gasa har tsufansa, ya kuma yabi wasannin Berlin na 1936 waɗanda Hitler ya mai da su tallar mulkinsa. A ganina wannan na biyun ya fi muni, domin wanda ya taɓa alƙalanci ya kamata ya gane maguɗi in ya gan shi.

A gida kuwa ya sha wuya. Ɗansa Jacques ya naƙasa tun yana ƙarami, 'yarsa Renée ta yi fama da rashin lafiyar tunani, ba wanda ya yi aure cikinsu. Dukiyar da ya gāda ta ƙare, yawancinta wajen taruka da buga takardu na Olimfik da ya riƙa biya daga aljihunsa. Ya tsufa cikin rashi a Suwizalan, sai abokai ke tallafa masa.

Ran 2 ga Satumba 1937 ya fita yawo a wani lambu a Jeniba, zuciyarsa ta tsaya, ya faɗi ya rasu yana da shekara 74. An binne shi a Lausanne. Zuciyarsa kuwa, bisa ga wasiyyarsa, an kai ta Olimfiya a ƙasar Girka, aka sa ta cikin wani ginshiƙin dutse kusa da kangon tsohon filin wasannin.