Barbara Heck, Macen Da Ta Yi Ƙaura Da Bangaskiyarta

A wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wata mace mai bi, sunanta Barbara Heck. An haife ta a ƙasar Ailan, ta yi aikin Ubangiji a Amurka, aka binne ta a Kanada. Amma wanda ya bi sawun asalinta, sai ya koma har ƙasar Jamus.

A shekara ta 1709 mutanen wani yankin Jamus da ke bakin kogin Rhine suka shiga wahala ƙwarai. Sojojin Faransa sun daɗe suna ɓata garuruwansu, sa'an nan aka yi matsanancin sanyi wanda ya kashe gonakin inabinsu. Mutum wajen 13,000 suka bar gida suka nufi Landan, a zamanin Sarauniya Anne. Daga cikinsu aka aika da wajen 3,000 zuwa Ailan. Waɗansu suka sami gonakin haya a lardin Limerick, kusa da garin Rathkeale. Gidan Ruckle yana cikinsu, a gidan nan ne aka haifi Barbara a ƙauyen Ballingrane a 1734.

Baƙin nan manoma ne masu himma, amma suka yi shekaru da yawa ba su da fasto mai jin harshensu. Da kaɗan da kaɗan sujada ta mutu, shaye-shaye da ashar suka yi yawa. Sai masu wa'azin John Wesley suka iso lardin, shi kansa kuma ya ziyarci ƙauyukansu a 1756. Mutane da yawa suka tuba. Barbara ta ba da kanta ga Ubangiji tana da shekara 18. Wani ɗan'uwanta kafinta, Philip Embury, shi ma ya ba da gaskiya a 1752, ya zama mai wa'azi.

Bayan haka masu ƙasa suka ƙara kuɗin haya, noma ya kasa riƙe iyali. A 1760 Barbara ta auri Paul Heck. A shekaran nan su biyu da Embury da waɗansu dangi suka shiga jirgin ruwa a Limerick. Suka yi wajen wata biyu a teku kafin su sauka New York.

A nan ne abin da ya sami kakanninsu ya sake samunsu. Kowa ya duƙufa neman abinci. Embury ya riƙe aikin hannunsa, ya yi shekara shida bai yi wa'azi ba. Ran nan a 1766 Barbara ta tarar da waɗansu 'yan ƙasarsu suna karta. Ta kwashe kartar ta zuba a wuta. Daga nan ta tafi gidan Embury, ta ce masa lalle ya tashi ya yi wa'azi, in ba haka ba dukansu za su hallaka, Allah kuwa zai nemi jininsu a hannunsa. Ya ce ba shi da majami'a, ba shi da jama'a. Ta ce ya fara a ɗakinsa, ita za ta kawo mutane.

Waɗanda suka taru ran nan ba su wuce biyar ba. A cikinsu akwai Barbara da mijinta, da wata baƙar mace mai aikin gida, sunanta Betty. Ba a daɗe ba ɗakin ya kasa musu, suka yi hayar wani babban ɗaki. Wani hafsan sojan Ingila mai ido ɗaya, Kyaftin Thomas Webb, ya haɗa kai da su yana wa'azi da kayan soja a jikinsa. Barbara ta yi ta matsa musu su gina ɗakin sujada nasu. Aka gina shi a titin John Street, Embury ya yi aikin katako da hannunsa, aka buɗe shi ran 30 ga Oktoba, 1768. Saboda wannan ne ake kiranta uwar Ekklesiyar Methodist ta Amurka.

Ƙaurarta ba ta ƙare ba tukuna. A 1770 suka koma noma a Camden, arewa da New York, suka kafa taron masu bi a can. Embury ya mutu a 1773. Da yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Ingila a 1775, Paul Heck ya bi bayan Sarkin Ingila, aka ƙwace gonarsu. Suka gudu zuwa Montreal a Kanada. A 1785 suka zauna a Augusta, bakin kogin St. Lawrence, a can ma taron addu'a ya tsiro a tsakaninsu. Paul ya mutu a 1795. Barbara ta rasu a 1804 a gidan ɗanta Samuel, tana zaune da Littafi Mai Tsarki na Jamusanci a cinyarta. Kabarinta yana wurin da ake kira Blue Church, kusa da garin Prescott.

Zuriyar mutanen nan sukan zo daga Amurka da Kanada zuwa Rathkeale neman asalinsu. Aikin yana da wuya. A 1922, lokacin yaƙin basasa, gidan ajiyar takardun gwamnati a Dublin ya ƙone, takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 da littattafan ekklesiyoyi da yawa suka zama toka. Sunaye kuma sun sāke, gama Ruckle ya zama Ruttle a Ailan. Abin da ke taimakon masu neman shi ne duwatsun kaburbura, da littattafan baftisma da aure da suka tsira, da jerin sunayen baƙin da fastoci biyu na Lutheran suka rubuta a Landan a 1709, tare da sana'ar kowane mai gida.

Muna roƙon fastoci da dattawan ekklesiya su kula da littattafan baftisma da aure, kada gara ko ruwa su ci su. Iyaye kuma su rubuta wa 'ya'yansu sunayen kakanninsu da garin da suka fito. Ku kuma 'yan'uwa da neman abinci ya kai ku baƙon gari, ku tuna mutanen Barbara sau biyu suna yin sanyi a baƙunci, don kowa yana jiran wani ya fara. In ba ku tarar da ekklesiya a inda kuke ba, ku nemi masu bi biyu ko uku, ku fara sujada a ɗakin ɗayanku ran Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya taimake mu.