Tarihin Gottlieb Haberlandt, masanin da ya fara rainon ƙwayoyin halittar tsirrai

An haifi Gottlieb Haberlandt ne ranar 28 ga watan Nuwamba na shekara ta 1854 a garin Ungarisch-Altenburg, wanda a yau ke cikin ƙasar Hungari. Mahaifinsa Friedrich malamin ilimin aikin gona ne da ya yi fice wajen yaɗa noman waken soya a nahiyar Turai, saboda haka tun yana ƙarami ya shaƙu da tsirrai.

Ya sami digirinsa na dakta a jami'ar Vienna a 1876, daga bisani ya koyar a birnin Graz na Ostiriya. A 1884 ya wallafa wani littafi da ya bayyana alaƙar da ke tsakanin ƙirar sassan tsiro da aikin da kowane sashe ke yi, littafin da ya ɗaukaka sunansa tsakanin masana.

Amma aikin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne wanda ya gabatar a 1902. Ya ciro ƙwayoyin halitta daga ganye da gashin jikin wasu tsirrai, ya sanya su cikin ruwa mai sukari da sinadaran gina jiki. Ƙwayoyin sun rayu har tsawon makonni, wasu ma sun ƙara girma, sai dai ba su hayayyafa ba. Duk da haka ya yi hasashen cewa wata rana za a iya samar da cikakken tsiro daga ƙwaya guda.

A 1910 Haberlandt ya koma jami'ar Berlin, inda ya gano cewa tsiron da aka yi wa rauni yakan fitar da sinadarin da ke sa ƙwayoyinsa su rarrabu. Ya rasu a Berlin ranar 30 ga watan Janairu na 1945, ana dab da kawo ƙarshen yaƙin duniya na biyu.

Tun yana raye, a 1939, masana a Faransa da Amurka suka yi nasarar rainon ƙwayoyin tsirrai masu ci gaba da hayayyafa. A 1958 kuma aka samar da cikakken tsiron karas ta wannan hanya a Amurka, abin da ya gaskata hasashensa.

Fannin haɗa magunguna ya ci gajiyar wannan ilimi matuƙa. A 1983 kamfanin Mitsui na Japan ya fara samar da sinadarin shikonin daga ƙwayoyin tsiro domin kasuwa. Haka kuma maganin sankara na paclitaxel, wanda a da sai an ɓare ɓawon itatuwa masu jinkirin girma kafin a same shi, an koma samar da shi cikin manyan tankuna a kusa da birnin Hamburg na Jamus, ba tare da an sare itace ba.