Hutch: Mawaƙin da attajiran Landan suka so muryarsa amma suka hana shi ƙofar gaba

An haifi Leslie Hutchinson, wanda aka fi sani da Hutch, a garin Gouyave na tsibirin Grenada a 1900. Ya tafi New York da niyyar karatun likita, amma kiɗan piyano ya ɗauke masa hankali.

A 1924 ya koma Paris, inda ya ƙulla abota da marubucin waƙoƙi Cole Porter. A 1927 ya tare a Landan.

Salonsa ba na hayaniya ba ne. Yakan zauna gaban piyano a wuraren shaƙatawa irin su Quaglino's, yana rera fitattun waƙoƙin soyayya a hankali, kamar mai yi wa mutum ɗaya raɗa.

A shekarun 1930 yana cikin mawaƙan da suka fi samun kuɗi a Birtaniya, har Rolls-Royce yake hawa. Duk da haka, saboda baƙar fata ne shi, sau da yawa ta ƙofar barori ake shigar da shi gidajen manyan da suka gayyace shi.

Da zamani ya juya, matasa suka koma wa sabbin kaɗe-kaɗe, kasuwarsa ta faɗi. Ya rasu a Landan a watan Agustan 1969 cikin rashi. Mutum 42 kacal ne suka halarci jana'izarsa.